Baƙin Ganye Ya Tona Asirin Harshe

Akwai halin da na tsana fiye da sata: mutum ya rasa abin da ake girmama shi dominsa, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci gaba da karɓar gaisuwa. Wannan hali ne ya kayar da mutumin da ake kira Harshe.

A gidan naɗin taba na kawunsa yake aiki. Ba sigarin kwali suke yi ba. Taba ce mai kaurin babban yatsa, ganye zalla, naɗin hannu. Shekara ashirin da biyu ba a rufe akwati sai Harshe ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya yanke kan guda, ya kunna, ya juya hayaƙin a baki, ya saki kaɗan ta hanci, sannan ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Mabuɗin ɗakin ganye ma a wuyansa yake.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Ya tashi garau, amma hanci da harshe ba su tashi tare da shi ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma kujera yana yanke hukunci da ido.

Ƙanwarsa ce shugabar masu naɗi, kuma ita ta fara lura. Ranar da tsumma ya kama wuta a bayan kujerarsa kowa ya toshe hanci, shi kuwa yana ta kallon tokar tabarsa. Bayan wata guda masu shaguna suka fara maido da akwatuna, wai tabar da aka ce mai ƙarfi ce ba ta da ƙarfi.

Ta same shi shi kaɗai a ɗakin ganye.

"Yaya, don Allah ka gaya mini gaskiya. Kana jin ɗanɗano kuwa?"

"Ke! Tun kina majina nake wannan aiki. Ki je ki duba hannun mutanenki."

"Hannunsu lafiya lau. Kawu na shirin sallamar biyu a cikinsu a kan laifin da ba nasu ba. Ba zan yarda ba."

"To, ki yi abin da za ki yi."

Ta yi kuwa. Da hannunta ta naɗe taba biyu. Ta farko ta cika ta da ganyen gindin tsiro, mai sanyi, ta lulluɓe da baƙin ganye mai sheƙi. Ta biyu ta cusa mata ganyen can sama, wanda rana ta dafa, mai buga goshi, ta lulluɓe da ganye mai haske. Washegari da safe ta ajiye su a faranti gaban Kawu, masu naɗi na tsaye.

"Sabon haɗi ne, Kawu. Yaya ya faɗa mana wacce ce mai ƙarfi." Ta juya ta yi ƙasa da murya. "Yaya, har yanzu kana iya cewa ba ka jin daɗi."

Harshe ya yi dariya. "Ku ji ta. Wai ni za a gwada."

Ya ɗauki baƙar, ya matsa ta kusa da kunne, ya kunna, ya lumshe ido.

"Ga namijin duniya. Barkono a farko. Ga ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, ga ɗacin kofi can ƙasan harshe. Wannan sai wanda ya ci ya ƙoshi."

Ya ɗauki mai hasken da yatsa biyu.

"Wannan kuma ruwa ce. A ba mai koyo."

Don ya nuna rainin da ya yi mata, sai ya riƙa zuƙa da sauri, ba hutu, ga shi ko karin kumallo bai yi ba. Kafin ta kai rabi gumi ya keto masa. Ya miƙe zai yi magana, ɗaki ya juya da shi, ya dafe taga.

"Ruwan ne ya bugar da kai haka?" in ji Kawu.

Tsohon ya karɓi ragowar ya zuƙa sau ɗaya, ya yi tari har da hawaye. Ya sa wuƙa ya tsaga biyun a kan tebur, ganyen ciki ya bayyana, kowa ya gani.

"Tun yaushe?"

"Tun zazzaɓin nan, Kawu."

"Da ka faɗa, da na bar ka a ɗakin ganye. Yatsunka sun san ganye fiye da na kowa a nan. Ciwo ba laifi ba ne. Amma ka zauna kana kallo zan kori bayin Allah biyu don ka tsira da kujera? Ciro mabuɗin."

Ƙanwar ba ta yi murmushi ba. Ta miƙa masa kofin ruwa, ta koma teburinta, mutanenta biyu suka koma nasu.

Ga abin da shirun wata uku ya ci masa. Akwati sittin da aka maido, da hannunsa ya kwance su. Kujerar bakin taga ta koma wajen ƙanwarsa. Mabuɗi ya koma aljihun Kawu. Ɗakin ganyen da zai tsufa a cikinsa, ko ƙofarsa ba ya taɓawa. Sunan ma bai tsira ba, don tun daga ranar babu wanda ya ƙara ce masa Harshe.