Zobban Fata a Tiyon Lambun Gwaji

Takalman Malam Zayyanu sababbi ne, shi ya sa yake tsallake duk inda ƙasa ta jiƙe. Shi ne sabon malamin gona da aka turo Wurno a ranin 1954. Ran nan yana zagayawa da Baturen gona cikin lambun gwaji na bakin fadama, manoma daga Gandi da Goronyo suna biye, an gayyato su su ga yadda ake ban-ruwa da tiyo.

Maccido, gadina mai kula da lambun, shekararsa tara a wurin. Shi ya fara haɗa tiyon ranar da aka sauke shi daga mota: guda huɗu, kowane da bakin tagulla da ake murɗawa cikin na ɗan'uwansa, har ruwan famfo ya kai fangalin albasa na ƙarshe. A cikin kowace mahaɗa akwai ɗan zoben roba mai hana yoyo. Rani biyu zobban suka yi, zafi ya busar da su, suka farfashe kamar ƙanzo. Sau uku Maccido yana kai kuka, kullum a ce an rubuta takarda Sakkwato. Da ya ga albasa za ta mutu, ya je wurin dukawa ya samo guntun jar fatar akuya, ya yanka zobba daidai bakin tagullar, ya jiƙa su da man shanu. Tun daga nan ko ɗigo.

Bature ya tsuguna, ya kwance mahaɗa ɗaya don ya nuna wa manoma cikinta. Ya zaro zoben da farce, ya shinshina, ya ɓata fuska, ya yi magana.

"Gadina," in ji Malam Zayyanu, "Bature na tambaya, ina robar gwamnati?"

A shekaru Maccido ya haife shi, kuma kaf Wurno ba mai kiran Maccido sai da Baba. Ya haɗiye wannan rainin. Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da takardun nan uku. Da Malam Zayyanu ya juya zai fassara, numfashi ɗaya ya gama.

Mode mai buga famfo tsohon soja ne, yana jin Turanci kaɗan. Ya matso ya raɗa wa Maccido cewa ba a ambaci takarda ba. Abin da aka faɗa wa Bature shi ne robar ta ɓace a hannun gadina.

"Malam, hwaɗa mai gaskiya," in ji Maccido. "Robar ga ta mutu tun kana makaranta."

Malam Zayyanu ya rage murya. Ya ce in ya faɗi ofis bai amsa takarda ba, manyansa ya tona, shi kuwa ko wata uku bai yi da kama aiki ba. Baba ya yi haƙuri, gargaɗi kawai za a rubuta.

"Gargaɗin mi?"

"Na ɓatan kayan gwamnati."

"Sata ke nan."

"Ni ban ce ba."

Manoman sun riga sun ji. Wani daga baya ya tambayi na kusa da shi ko mi za a yi da robar da ba ta kai kwabo faɗi ba, aka yi 'yar dariya. Cikinsu akwai surukin Maccido, wanda ya duƙar da kai yana tona ƙasa da sanda.

Bature ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya ba da umarni a cire duk abin da ba na gwamnati ba, za a aiko da roba ta gaskiya. Maccido ya dubi Malam Zayyanu, ya jira ko zai ƙara kalma ɗaya. Bai ƙara ba.

Sai Maccido ya bi tiyon daga famfo har ƙarshe. Kowace mahaɗa ya kwance, ya zare zoben fatarsa, ya mayar ya murɗa tam, don kada a ce da gangan ya saki. Aka ce Mode ya buga famfo baƙi su gani. Ruwa ya yi feshi ta kowace mahaɗa, manoma suka tattare riguna suka ja da baya. A bakin tiyon kuwa, ɗan ɗigo ne ya faɗi a ƙasa ya shanye.

Malam Zayyanu ya shiga yi wa Bature dogon bayani, yana nuni da hannu biyu. Maccido ya tsaya a gaban albasar, wadda saura mako uku a cire ta. Ya ciro mabuɗin ɗakin kayan aiki daga wuyansa, ya rataye a hannun famfo, ya bi ta tsakanin manoman ya fita ta ƙofar darni.