Ƙwan Zabi a Kan Kwamfutar Maman Joy

A bakin iyakar Jibiya, in aka ambaci Ɗanladi Dabara, kowa da abin da zai faɗa. 'Yan kabu-kabu abokan aikinsa sun ce babur bai isa ya mutu a hannunsa ya kwana ba. Masu shayi sun ce ya taɓa ɗaure salansar babur da igiyar guga ya je Maraɗi ya dawo. Amma abu guda kowa ya yarda da shi: ba a taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa ba. In ya taka maka ƙafa, ƙafarka ce ta shigo hanya. Matarsa Hassana ce ke binsa gida-gida tana ba da haƙuri, har matan unguwa suka sa mata suna tsintsiyar Ɗanladi.

Maƙwabciyarsu Tabita, da ake kira Maman Joy, ma'aikaciyar lafiya ce mai duba katin rigakafin matafiya a bakin iyaka. Da girmanta ta koma ƙaro karatu, kuma duk rubutunta na kammalawa yana cikin kwamfutarta, irin wadda ake ninkewa a sa a jaka. Da aka yi mata rasuwa a garinsu, ga damina ta kankama ɗakinta na yoyo, sai ta kawo wa Hassana ita.

"Maman Mufida, ga amana. Karatuna kaf yana ciki."

Hassana ta naɗe ta da zane, ta sa a ƙasan akwati.

A tsakanin nan ne babbar mota ta take kazar Ɗanladi. Da ma zabuwa ba ta iya kwanci ba, kaza ake sa wa ƙwanta, shi ya sa ya sayo ƙwan zabi daga kasuwar Ɗan Isa ya sa wa kazar. Da ta mutu, Hassana ta ɗauka ya zubar da ƙwan.

Sai wari ya fara. Da fari kaɗan-kaɗan, kamar ɓera ya mutu a rufi. Ta ɗaga tabarmi, ta leƙa bayan randa, ta sa turaren wuta har ya ƙare. Warin sai ƙaruwa yake, yana bin tuwo, yana bin wanki.

Ranar da Tabita ta bugo ta ce ta iso tasha, Hassana ta buɗe akwati. Zane na nan, kwamfuta babu. Ta fito tsakar gida ta tarar da mijinta yana shan fura.

"Baban Mufida, ina kayan mutane?"

"Tana aiki," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

"Aikin mi?"

Ya ci gaba da shan furarsa. Ta zare makullin ɗakin ajiya daga jikin na babur, ɗakin da yake tara jarkokin fetur da batirin sola. Tana tura ƙofa warin ya doke ta, har ta dafa bango. Ƙudaje suka tashi buu. A kusurwa ga kwando an lulluɓe shi da bargo, waya ta fito daga ciki ta tafi jikin batir, wani abu a ciki yana huci kamar mai ciwon ƙirji.

Ta yaye bargon da ɗan yatsa biyu. Kwamfutar ce, a buɗe rabi, an kunna mata fim yana ta maimaita kansa ba murya, don kada ta huta. An jera ƙwan zabi a kan madannai da gefen da iska mai zafi ke fita, an tottoshe ko'ina da auduga. Wasu sun dahu sun yi baƙi. Wasu sun fashe, wani ruwa kore-kore ya gangara tsakanin haruffa ya daskare, tsutsotsi ƙanana suna iyo a wanda bai bushe ba. Ta kai hannu za ta ɗaga, ta janye da sauri, zafi kamar kaskon waina. Ƙasan kwamfutar ya kumbura kamar burodi.

Hassana ta fito da gudu, ta durƙusa bakin magudana tana kakarin amai.

"Don dai ba ki san zafin da take yi ba ne," in ji Ɗanladi daga bayanta. "Ranar da Maman Joy ta sa wa yara fim na taɓa, na ji daidai cikin kaza. Da ba ki buɗe ba, da sun kusa ƙyanƙyashewa."

Ana haka Tabita ta yi sallama, jakar tafiya na kafaɗarta. Warin ya kai ta ɗakin ba tare da an nuna mata ba. Ta toshe hanci da gyale, ta fizge wayar daga batir. Fuskar kwamfutar ta ɗauke nan take. Ta jawo ta waje da sanda, ta jira ta ɗan huce, ta sa leda a hannu ta danna. Shiru. Ta sake dannawa. Shiru.

"Tun yaushe take kunne?"

"Tun da kazar ta mutu."

"A cikin bargo? Kusa da fetur?" Tabita ta dubi jarkokin, ta dubi ɗakin da yaran suke kwana, bango ɗaya ya raba su. "Batirin nan saura ƙiris ya kama da wuta, Malam Ɗanladi. Da yanzu gaisuwa na zo, ba karɓar kaya ba."

"To ai bai kama ba. Kuma inji don aiki aka yi shi, ba don kwana a akwati ba. Mai ƙwan ne ya cuce ni, baragurbi ya haɗa mini."

Tabita ba ta ko kalle shi ba. Da ido cike da ƙwalla ta dubi Hassana.

"Maman Mufida, ke na ba."

Maganar ta soki Hassana fiye da warin. Ɗanladi ya matso ya taɓa mata gwiwar hannu, kamar yadda ya saba.

"Ke, yi mata magana mana."

Kalmar haƙurin na bakin Hassana, ta saba fitowa da kanta. Amma da ta dubi hannun da ya taɓa ta, ta ga auduga mai ruwan ƙwai maƙale a farcensa, sai ta janye hannunta. Ta goge wurin da zanenta.

"Wanga karo bakina ya gaji," ta ce, ta koma gefe ta zauna a kan turmi.

Tabita ta zura kwamfutar a leda, ta riƙe ta nesa da jikinta kamar mushe, ta nufi zaure. Ɗanladi ya waiwayi matarsa, ta kau da kai. Ya buɗe baki zai sake kawo zancen mai ƙwai, ya rufe. Sai da Tabita ta kai bakin ƙofa sannan ya cire hula ya ce:

"Maman Joy, tsaya. Ba ruwan Hassana, ni na sato kwamfutar daga akwati. Ni na yi laifi. Don Allah ki yi haƙuri."