Ƙafafun Farar Ɗanzomo

Sauda ta buɗe kwalin, ƙanshin man gyaɗa ya doki hancinta.

Ta daɗe a Jamus tana jiran layinta a kan wata na'urar lantarki mai nuna silin gashi kamar kututturen giginya. A cikinta ake danna ɗan ɓaren ƙafar fara da tsinin allura, ana kallo, a auna nauyin da zai ɗauka kafin ya tsage. A kan wannan awon digirinta ya rataya. An ba ta mako guda a watan gobe, daga shi kuma tallafin karatunta ya ƙare. Shi ya sa ta zo gida Gumel da kaka, ta bi gonakin Ɗanzomo da sanyin safiya tana kamun fara da hannunta, ta shanya a inuwa.

Yanzu ga su nan jawur, sun sha gishiri da yaji. An ma tsinke musu ƙafafu tas.

"Goggo! Wa ya taɓa kwalin nan?"

Goggo Kande, yayar mahaifinta Malam Ishaƙ, ko ɗagowa daga tsintar wake ba ta yi ba. "Ni ce."

"Ban ce kada a taɓa ba?"

"Cewa kika yi kada yara su taɓa. Ni yarinya ce? Ki kwashi ɗanyar fara ki kai wa Turawa tsaraba, a ce gidan Malam Ishaƙ ba su da mai?"

"Ba ci za a yi ba, Goggo, aunawa za a yi! Ina ƙafafun?"

"Tambayi kaji."

Ranar Alhamis Sauda ta karaɗe kasuwar Maigatari. Buhu-buhu na fara daga Nijar, duk dafaffiya.

"Haba Hajiya," in ji wani mai sayarwa, "wa zai ɗauko ɗanya tun daga Damagaram? Ta ruɓe masa a hanya?"

Ta koma Ɗanzomo. An kwashe amfani, shanu sun tattake karan, fara ta yi gaba.

Ran tafiyarta Goggo ta biyo ta har tasha da kwalin a ƙulle cikin zane, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa boko ya hana 'yar ƙaninta godiya. Sauda ta ja gilashin motar ta rufe. A Kano ta tsaya gidan waya, ta kira malaminta na Jamus ta ce masa ya ba wani ɗalibi makon nata na na'urar.