Ledar Ruwa a Ƙusar Hula

"Daudu, cire hannunka daga jikin tsohon nan."

Tun daga bakin zaure na faɗa, kwanon kunu a hannuna, ko sallama ban ƙarasa ba. Daudu mai kemis yana durƙushe gaban Baba Haladu, ya ɗaure masa dantse da roba yana laluben jijiya. Ledar ƙarin ruwa kuwa har an rataye ta a ƙusar da Baba yake rataye hularsa.

"Inna Dela, ni sa ni aka yi," in ji Daudu, yana nuna bayansa da haɓa.

Wanda ya sa shi yana tsaye jikin bango. Zaharaddini ne, ɗan Baba Haladu, direban tankar mai a Fatakwal. Da safen nan ya sauka, ƙurar hanya ma ba ta bar girarsa ba.

"Inna, ubana ne fa," ya ce.

"Na san ubanka ne, ai ni na dama kunun sunanka. Amma allurar nan ba za ta shiga ba sai Sista ta zo."

Na ajiye kwanon, na kwance wayata daga bakin zani na kira ta.

Katangarmu ɗaya da Baba Haladu a nan Roni tun ranar da aka kawo ni ɗakin miji. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, mijina ma ya riga ni, Zaituna 'yar Baban tana aure a Gwiwa, sai tukunyarsa ta dawo murhuna. Tun tsakiyar damina ƙafafunsa suka kumbura. Mutumin da yake wuni a gonar gyaɗa ya koma in ya taka daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki. Kwanciya ta gagare shi, a zaune yake barci, jingine da buhu. Salla ma a zaune, yana sunkuyar da kai kawai, don da ya duƙa numfashi yake ɗaukewa. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Da muka kai shi asibiti a Kazaure, likita ya ɗauki hoton zuciyarsa ya ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jikinsa. Ya rubuta magani, ya haɗa mu da Sista Rhoda, ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibitin unguwarmu. 'Yar Kudancin Kaduna ce, amma ta daɗe a Roni har ta fi jikokina iya karin magana. Ita ta ja min kunne: ban da kanwa, gishiri kaɗan, kuma ko wa ya zo da ledar ƙarin ruwa, kar in bari.

To, faɗa ya fi yi sauƙi. Mu nan, majinyacin da ba a rataya masa leda ba, ba a yi masa komai ba. Ko ciwon kai ne, in mai gida yana da hali, sai an ga robar nan tana ɗiga. Masu zuwa dubiya kafin su kalli marar lafiya, ƙusa suke fara kallo.

Abin da ke cin Zaharaddini ke nan, kuma bai ɓoye ba.

"Inna, mutane na shigowa suna fita. Su ga ubana zaune haka, ko leda ɗaya babu? Gobe a ce ina can Kudu ina tara abin duniya, na bar shi ya bushe."

Tausayinsa ya kama ni, wallahi, don na san bakin garin nan. Amma ban matsa daga tsakaninsa da tabarmar ba.

Sista Rhoda ta sauka daga acaɓa da farar rigarta. Ta durƙusa ta gaida Baba tukuna, ta tambaye shi kwanan jiki, sannan ta kwance robar daga dantsensa ta miƙa wa Daudu ba tare da ɗaga murya ba.

"Sista, shekara da shekaru ina sa wa mutane, kuma suna tashi," in ji Daudu.

"Suna tashi, Malam Daudu. Mai amai da gudawa, wanda ruwan jikinsa ya ƙare, ni ma da gudu nake sa masa. Amma zo ka ga wannan."

Ta danna babban yatsanta a ƙwaurin Baba, ta ɗauke. Rami ya zauna a wurin, ya ƙi ciko. Ta ciro abin sauraren ƙirji ta ɗora a bayansa, ta saurara, sannan ta sa wa Zaharaddini a kunne.

"Baba, ja numfashi. Kai kuma, me ka ji?"

Ya kasa kunne. "Kamar ana suyar ƙosai daga nesa."

"Ruwa ne a huhunsa. Ba ƙarancin ruwa ke damun Baba ba, yawansa ne. In ledar nan ta shiga, can za ta je ta tarar da ɗan'uwanta, kuma kafin magariba za mu ga yana neman iska bai samu ba."

"Haka kike gani?"

"Ba ganina ba ne ni kaɗai. An bi dubban masu irin ciwon nan, a ƙasashe daban-daban, an duba abin da ya sauƙaƙa musu da abin da ya ƙara musu wahala. A kan haka likita ya rubuta maganinsa, a kan haka nake aiki. Ni ma farkon fara aikina na sha rataya leda don a ga na yi wani abu. Da na ga abin da bincike ya nuna, na daina."

Zaharaddini ya cire abin daga kunnensa. "To in an bi naki, zai warke?"

"A'a," ta ce. "Zuciyar ba za ta koma sabuwa ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ni kam na riga na sani.

"To mene ne amfanin?" in ji Zaharaddini.

Maimakon ta ba shi amsa, sai ta juya ga mai jikin. "Baba, duk muna ta magana a kanka. Kai me kake so?"

Baba Haladu ya daɗe yana tara numfashi. "Ni dai, 'yar nan, goshina ya taɓa ƙasa. In yi sujada kamar kowane Musulmi kafin a kira ni. Rabona da ita tun gero bai fitar da kai ba."

"Wannan kam za mu iya nema," in ji ta. "Ban yi alkawari ba, amma in muka rage ruwan, akwai hanya. Da ledar nan kuwa babu."

Baba ya dubi ɗansa, ya dubi ƙusar. Tsohon nan ko a cikin ciwo wayonsa bai bar shi ba.

"Zaharaddini, bar ta a nan inda take. Masu dubiya su gani, su san ɗana ya zo da abinsa. Amma hannuna nawa ne, ba mai huda shi."

Sista ta ɗan ɓata fuska. "Baba, duk wanda ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa masa."

"Faɗi abinki. Ai ban ce a yi ƙarya ba, na ce a bar leda a ƙusa."

Daga ranar muka ɗaura ɗamara. Kullum da safe Sista takan biyo kafin ta wuce aiki, ta ɗora shi a sikeli, ta auna jininsa, ta saurari bayansa. Ƙwayar da ake ba shi mai sa fitsari ce, don haka bokiti ba ya nisa da shi, kuma Zaharaddini da kansa yake ɗauka ya zubar, bai taɓa yarda wani ya taɓa ba. Mai motarsa ya yi ta kira daga Fatakwal har ya gaji. Ni kuma aka bar ni da yaƙin tukunya. Na ɓoye kanwa, na ɓoye dunƙulen magi, ina yi masa miyar kuɓewa da daddawa 'yar kaɗan.

"Dela," yakan ce, "wannan miya ce ko ruwan wankin tukunya?"

"Sha dai, Baba. Sujada kake so ko daɗin baki?"

Sai ya yi dariya har tari ya kama shi, ya shanye.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata safiya ya miƙe jiri ya ɗebe shi, da ƙyar ɗansa ya tare shi. Na ce shi ke nan, mun rage ruwan har mun wuce gona da iri, ga ranar ledar Daudu ta zo. Sista ta auna, ta ga jinin ya sauka, ta kira likitan Kazaure a gabanmu, suka yi magana, aka rage ƙwayar. Na tambaye ta ko ba ta ji kunya ba, ta canza abin da ta faɗa jiya.

"Kunyar me, Inna? Jikinsa ne ya ba mu sabon labari."

Masu dubiya kuwa suna shigowa, su kalli ƙusa, su ce madalla, Allah ya yi wa Zaharaddini albarka. Fatu mai koko ce kaɗai idonta ya kai. Ta ja ni gefe ta ce, "Dela, ledar nan fa ba ta raguwa."

Na ce, "Ba za ta ragu ba, don ba a sa masa ba. Ruwa ne ya yi masa yawa. In kina da sauran tambaya, ga Sista can."

Kafin la'asar rabin unguwa ta ji. Aka yi ta ƙus-ƙus, wasu har suka daina gaida Sista a hanya. Ita dai ba ta fasa zuwa ba, ni ma ban fasa dafa miyata marar gishiri ba.

Sannu a hankali ƙafafun suka saɓe. Ramin yatsa ya daina zama. Ya fara kishingiɗa, daga baya har ya kwanta a gefensa ya yi barci. Wata ranar Alhamis, an fara cirar gyaɗa, na shigo da abincin rana na tarar Zaharaddini ya kwaso yashi mai laushi daga rafi ya baza a gabas ɗin zauren. Baba ne ya sa shi. Ya ce buzu santsi gare shi, shi ƙasa yake so.

Da aka kira la'asar na tsaya daga bakin ƙofa, ban shiga ba. Ya yi alwala, ɗansa ya riƙe shi ya miƙe. Ya yi kabbara. Ya yi ruku'u, hannuwansa a kan gwiwa. Sannan ya sauka a hankali, gwiwa, tafin hannu, har goshinsa ya nutse cikin yashin. Na kasa kunne ina jiran tarin nan da ya saba tashinsa. Bai zo ba. Ya daɗe a ƙasa har Zaharaddini ya matso a tsorace, sai muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana tasbihi.

Na koma gida na zauna bakin murhu na yi kuka mai isata, kukan daɗi.

Ya ƙara mako guda da 'yan kwanaki, kuma ba sallar da ya yi a zaune. Zaituna ta zo daga Gwiwa ta same shi yana ɓare gyaɗar bana yana yi wa ƙanenta faɗan bai iya shanya ba. Ranar Asabar da hantsi, bayan ya yi walaha, ya ce a ba shi wuri ya ɗan kwanta. Ya kwanta a damansa. Da Sista ta biyo da sikelinta, ta durƙusa ta riƙe hannunsa, ta daɗe, sannan ta ɗago ta dubi Zaharaddini. Shi ya fara salati.

A zaman makoki, ina raba ruwa a cikin gida, na ji wata daga cikin baƙi tana cewa, "An ce ko ruwa ba a ƙara masa ba, bawan Allah." Na buɗe baki ke nan, don ni ba a taɓa ni in yi shiru, sai ga Zaharaddini a bakin ƙofa ya shigo da buhun shinkafar sadaka.

"Ni na hana, Hajiya," ya ce a natse. "Kuma da za a sake, haka zan sake yi."

Bayan addu'ar uku na ɗauki tsintsiya na shiga zauren. Ledar tana nan a cike, ta yi ƙura. Zaharaddini ya sauke ta, ya ɗauko hular ubansa daga kan buhu ya kakkaɓe, ya mayar da ita ƙusarta.

Na share daga bakin ƙofa har jikin bango. Da na iso gabas, sai ga yashin nan, masu gaisuwa duk sun kauce masa. Gurbin gwiwoyi biyu, tafin hannu biyu, da ɗan ramin goshi a tsakiya. Na ɗaga tsintsiyata, na zagaye wurin, na ci gaba da shara.