Kofin Da Ya Cika Har Baki

Wai mutum ya sayi tikiti a zagaya da shi garin da aka binne cibiyarsa! To, abin da Sanobar ta yi ke nan. Tun shekaranjiya ta sauka Samarkand, ta kama ɗaki a masauki kamar baƙuwa. Sau biyu tana zuwa bakin lungunsu, ta hango ƙofar gidan ubanta, ƙafa ta ƙi gaba. Shi ne da safen nan ta ƙwama wani ƙaton baƙin tabarau, ta shiga motar masu yawon buɗe ido, ta lafe can baya tsakanin Turawa da wasu mata biyu 'yan Koriya. Ba tsofaffin gine-gine ne suka dame ta ba. An ce za a rufe yawon da ɗanɗanar giyar inabi a tsohon rumbun nan na ƙarƙashin ƙasa, kuma a rumbun ne ubanta Hikmat yake zuba wa baƙi tun kafin a haife ta.

Ta daɗe rabonta da gida. Tana Istanbul tana jinyar wata tsohuwa, da abin take riƙe kanta da 'yarta. Lokacin da uwarta ta kwanta ciwo, takardun zamanta sun ƙare, in ta fito babu komawa, ga yarinya a makaranta. Ta ce a ɗan jira ta. Mutuwa ba ta jira ba, aka yi jana'iza babu ita. Tun daga ranar, in ta buga wa ubanta waya sai ta ji an ɗauka, ta ji numfashinsa, sai ƙit. Jibi jirginta zai tashi, kuma abu ɗaya take so ta sani kafin nan: har yanzu tana da uba, ko babu.

Mai yi musu jagora wata 'yar duma-duma ce mai jar lema, bakinta ba ya hutawa. Kallo ɗaya Sanobar ta yi mata ta gane ta. Mastura ce, 'yar maƙwabtansu, wadda ta sha share wa majina! Ta ƙara jan gyale, ta ce ita Baturkiya ce, ba ta jin komai sai Turkanci.

Aka je filin Registan, Mastura ta ɗaga lema tana zuba tarihin sarakuna da masana taurari, Turawa na ta ɗaukar hoto. Ita kuwa Sanobar matakalar gefe take kallo, inda uwarta ta taɓa zaunar da ita ta ɗaure mata igiyar takalmi. Aka wuce maƙabartar nan mai shuɗayen ƙubbobi, ta ƙi hawa, ta ce ƙafa ke mata ciwo. Ƙarya take. Ta bayan tudun nan aka kwantar da uwarta, kuma ba ta da fuskar zuwa.

A kasuwar Siyob aka zauna shan shayi. Mai shago ya kawo gurasa mai zafi da buta, ya tsiyaya wa kowa ɗan kaɗan a gindin kofi. Wani Bajamushe mai jan hanci ya leƙa nasa, ya leƙa na matarsa, ya tambaya ko shayin ne ya yi tsada a garin.

Mastura ta tuntsire da dariya. Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe, girmama ka aka yi. In an zuba maka kaɗan, so ake ka zauna, ka yi ta miƙo kofi ana ƙara maka, hira na tafiya. Ranar da ka ga an cika maka shi har baki, to ka shanye ka nemi takalmanka. An gaji da kai."

Aka yi dariya. Bajamushen ya gutsuri gurasa, ya kife ragowar a kan tebur, fuskarta ƙasa. Kafin Sanobar ta ankara hannunta ya kai, ya juya ta, don ɗan garin ba ya barin gurasa a kife. Ai kuwa shi ke nan. Mastura ta tsaya da buta a hannu, ta ƙura mata ido, sannan ta zagayo ta zauna kusa da ita, ta yi ƙasa da murya.

"Sannu Baturkiya. Wace Baturkiya ce ke da tabon faɗowa daga bishiyar Baba Hikmat a haɓa? Sanobar opa, yayata, ki ji tsoron Allah. Tun safe nake ɓata miki Turancina?"

"Rufa min asiri, Mastura."

"Asirin me? Kin je gida?"

"Na kasa."

"Shi ne kika biya kuɗi a kai ki gaban ubanki cikin ayarin Jamusawa. Kai, wannan wayo naki sai ke." Sai kuma dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Opa, akwai abin da ya kamata ki…"

Direba ya danna hon, matan Koriya suka ɓace cikin masu busasshen inabi, Mastura ta zabura da lemarta tana ƙwala musu kira. Maganar ba ta ƙarasu ba.

Rana ta take tsaka suka isa rumbun. Matakala ce doguwa zuwa ƙasa, sanyi da ƙamshin tsohon katako suka tare su tun daga rabi. Sanobar ta san ƙamshin nan, shi ne na rigar ubanta in ya dawo aiki. Ga dogon tebur an jera ƙananan kofunan gilashi, ga shi nan tsaye a ƙarshensa cikin farar riga da baƙar hularsa. Allah sarki, ya rame. Wuyan rigar ya yi masa yawa.

Ya fara aiki yadda ya saba. Shi ba mashayi ba ne, da hanci yake sanin kayansa, marigayiya matarsa ta sha yi masa tsiya cewa ya fi kare. Ya shinshina bakin kwalba, ya faɗi daga wane kwari inabin ya fito da irin ranar da ya sha, Mastura na fassarawa tana ƙara gishiri. Ya bi kofuna ɗaya bayan ɗaya yana tsiyayawa, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kansa a ɗan karkace. Bajamushe ya kurɓa ya lumshe ido, jan hancinsa ya ƙara ja.

Sanobar ta cire tabarau. Ya zo kusa, ya wuce da idonsa ta saman kanta, ko gezau. Zuciyarta ta ce, ya gan ki, kallonki ne ba ya son yi. Da bakin kwalbar ya nufi kofinta sai ta rufe shi da tafin hannu, ta ce da harshen gida, "Na gode, ba na sha."

Kwalbar ta tsaya cak a sama. Ya ajiye ta, ya juya, ya shige ɗan ɗakin da ke bayan gangunan. Baƙi suka ci gaba da surutunsu. Can sai ga shi da butarsa ta shayi, mai zanen auduga, wadda aka ɗaure wa murfi da zare, da ƙaramin kofi ɗaya. Ya ajiye kofin gabanta, ya karkata kai, ya fara zubawa.

Ta ce, "Baba."

Shayi ya wuce gindin kofi. Ya kai rabi. Tana kallo ya haura, ya cika fal har baki, ya tumbatsa ya jiƙa farin ƙyallen tebur, sannan ya ɗaga butar.

To, ta samu amsarta. A gaban baƙi, ba tare da ya ɗaga murya ba, ubanta ya sallame ta. Bajamushen ma da ya koyi abin ɗazu-ɗazu ya sunkuyar da kai. Ta miƙe, ta ɗauki jaka, ta kama matakala, ba ta ko ganin inda take jefa ƙafa saboda hawaye.

Mastura ta cafko gyalenta a tsakiyar matakalar, tana haki. "Ina za ki?"

"Ba ki gani ba? Ya cika min."

"Ke dai kin gani, shi bai gani ba! Abin da nake son gaya miki ke nan. Yanar ido ta rufe masa gani tun bayan rasuwar Inna, ko tafin hannunsa ba ya gani. Ya hana a faɗa miki, wai kada ki bar aikinki ki ƙare a jan makaho. Shi ya sa yake kashe waya, ya san in ya buɗe baki za ki gane da wani abu. Da kunne yake zuba, opa, ƙarar ruwan yake saurare. Ke kuma kin tashi kin ce masa Baba yana tsakiyar zuba, wane ruwa kuma zai ji? Juya ki kalle shi."

Ta juya. Yana tsaye inda ta bar shi, yana murmushi wajen kujerar da babu kowa, yana jiran a miƙo masa kofi ya ƙara. Da shirun ya yi yawa sai ya laluba tebur. Yatsunsa suka taɓa jiƙaƙƙen ƙyalle, suka hau gefen kofin, suka nutse cikin shayi a can sama. Murmushin ya mutu.

"Wayyo ni," ya ce. "Na cika mata? Mastura! Mastura, cika mata na yi?" Ya juya nan, ya juya can. "Tana ina? 'Yata! Ba haka nake nufi ba, wallahi ba haka nake nufi ba."

Sanobar ba ta san yadda ta sauko ba. Ta dai ji ta rungume shi, fuskarta cikin rigar nan mai ƙamshin katako, tana kuka kamar ranar da ta faɗo daga bishiya. Ya shafa kanta, ya shafa kumatunta, ya sami tabon haɓa ya tsaya a kai.

"Kin rame," in ji shi.

"Kai ne za ka ce wa wani ya rame, Baba?"

"Turkawan nan ba sa ba mutum abinci ne?"

Matan Koriya ba su ji kalma ɗaya ba, amma har sun ciro hankici. Mastura ta share ido da bayan hannu, ta buga lema a ƙasa, ta kora garkenta sama tana cewa yawo ya ƙare, kowa ya duba jakarsa. A bakin matakala ta waiwayo. "Opa, mota za ta tashi. Ko da yake ke Baturkiya ce, ba kya jin abin da nake faɗa."

Rumbu ya yi tsit. Hikmat ya laluba ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya buɗe murfin buta, ya mayar da shayin ciki kaf. Ya sake ajiye kofin, ya karkata kai.

"Yi shiru yanzu," ya ce. "Kada ki kuskura ki kira ni."

Ta toshe baki da gyale. Ya tsiyaya ɗan mitsitsi, da ƙyar ya rufe gindin kofin, ya miƙa mata da hannun dama, na hagu a ƙirji. Kurɓa ɗaya ta shanye.

"Gobe za mu je wurin Innarki," ya ce. "Ke za ki riƙe min hannu, hanyar akwai duwatsu. Miƙo kofin, da saura a buta."