Dukan Mugu a Ƙarƙashin Gadar Ngo Keng

Tun da aka tafi da 'yata Wing-sze ban ƙara gaida kowa a benenmu ba. Wani daga cikinsu ne ya buga wayar nan da aka buɗe don kai tsegumi, ya ce tana zagin hukuma a shagonta na gyaran gashi. Wai tsaron ƙasa. Yarinyar da ko kyankyaso ta gani sai ta ƙwala mini kira, ita ce za ta rushe Hong Kong! Alƙali ya hana beli, wai haka sabuwar doka ta ce. Na tambayi lauya wa ya kai ta, ya ce ba a faɗa. Na je ofishin kansilanmu, na tarar ofishin ya koma shagon tabarau.

Sai na nufi ƙarƙashin gadar Ngo Keng, wurin tsofaffi masu dukan mugaye. A rubuta sunan wanda ya cuce ka a jikin mutum-mutumin takarda, a ɗora kan bulo, a jibge shi da tsohon takalmi har ya yage, a ƙone. Yaya Fung ma sana'arta ke nan. Tare muka yi aikin masaƙa muna 'yan mata.

"Sau-lan, kin bushe kamar kifin gishiri," in ji ta. "Wa za mu daka? Mijinki dai ya mutu, ya tsira."

"Wanda ya kai Wing-sze."

"Sunansa?"

"Da na sani nan zan zo? Da tuni ya sha tafasasshen ruwa."

"Marar suna ana yi, amma korar tsautsayi ce kawai, ba ta taɓa kowa. In kuma kika laƙa wa wanda bai ji ba bai gani ba, kanki zai dawo."

"To rubuta sunan sabuwar dokar nan."

Alƙalamin ya tsaya a hannunta. Ta waiga hagu, ta waiga dama.

"Rufa mini asiri, ina da jikoki. Kawo mini suruka, kawo shugaban wurin aiki, in yi musu lilis. Wannan kam ban ji ba."

"Ba ke ce mai cika baki babu mugun da ya fi ƙarfin takalminki ba?"

"Takalmin ba ya zuwa gidan yari, ni ce zan je."

Na fizgi takarda ɗaya da ba a rubuta wa komai ba, na cire takalmina na roba, na durƙusa na hau dukanta. Ban iya waƙoƙin da suke yi ba, nawa na yi. Wannan na hannun da ya ɗaga waya. Wannan na bakin da ya faɗa. Wannan na wanda ya saurara, wannan na wanda ya sa hannu! Mutane suka taru, ba mai dariya.

Wani ɗan sanda ya ratso, bai kai Wing-sze a haihuwa ba.

"Baaba, wa kike duka haka?"

"Karanta mana, ai kai ka yi makaranta."

Ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa. Ya karɓi katin shaidata ya rubuta sunana, ya ce in daina tara jama'a.

Da ya wuce na miƙa wa Yaya Fung yagaggen mugun, don in ba a ƙone ba duk wahalar banza ce. Ta janye kaskon wutarta zuwa bayan kujera.

"Sau-lan, kar ki ƙara zuwa wurina."

Na bi sauran matan ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta dafe kaskonta, ta kau da kai.

Na tattara shi na zuba a jaka. Ina da ashana a gida. A bakin matakalar benenmu zan ƙone shi, lokacin da ake dawowa daga cefane, in tsaya nan in ga wanda zai kasa kallon idona.