Ɗaurin da Mai Nasara Ya Bari

Kwalin ya iso Maijirgi a shekarar da damina ta tsaya bayan ruwa uku. Halilu, diraktan lakwal, wato shugaban makarantar bokon garin, shi ya karɓo shi a gidan waya na Tasawa, ya ɗauro shi a bayan keke, ya dire a zauren Mai Nasara maɗori.

Daga Faransa yake, daga Ishaƙu, ɗan farin Mai Nasara. Shekara bakwai ke nan da tafiyarsa karatu. A ta huɗu ya sa hannu a wata takarda da ɗalibai suka rubuta kan mulkin soja. Aka yanke masa bursu, kuɗin karatun da gwamnati ke ba shi, aka ce sunansa na ajiye a filin jirgin Yamai, yana sauka za a kama shi. Tun daga nan sai wasiƙa. A gidan ba a kiran sunansa, da yake ɗan fari ne. Uwa da uba "wancan" suke cewa.

Halilu ya warware wasiƙar ya karanta. "Ya ce, Baba, waɗanga ƙasusuwan wata dabba ce ta zamanin da, ana ce mata dinozor. Na roba ne, an kwaikwayi na gaske. Kai da ƙashi bai taɓa gagara ba, ka haɗa mini ita. Kafin ka gama, in Allah ya so, ina tahe."

Mai Nasara ya zazzage kwalin a tabarma. Guda sittin da huɗu, babba a cikinsu bai fi tsawon yatsa biyu ba. Akwai takarda mai lambobi, ya ture ta gefe. Akwai gam da ƴan gwangwanayen fenti, amma wata biyar a hanya ya mai da su dutse.

Zara'u, matarsa, ta leƙo daga cikin gida ta duba.

"Ƴaƴan mutane na aiko ma iyayensu shinkafa, mu an aiko muna ƙashi," ta ce. "Kamar ƙashi muka rasa a garin ga."

Gaskiyarta. Bayan gari shanu ne kwance, ungulu ma sun gaji da su.

Kowace safiya ya kan fito da tabarmar. Ya jiƙa ƙaro ya maye gurbin gam. Ya fere karan gero siri-siri, ya yi tsinken ɗori irin wanda yake sa wa ƙafar mutum, sai dai ƙanana. Idan ya haɗa gaɓa, ya shafa ƙaro, ya jera tsinke, ya naɗe da zare, ya yi tofi. Ƙashin baya kuwa, da laluben yatsu ya jera shi, bai ko duba ba. Ƙugun ya ce na jimina ne, haƙarƙarin na bijimi, muƙamuƙin na kada.

A ƙafafun gaba ya tsaya. Guntaye ne, ba su kai rabin na baya ba.

"Wagga an cuce ta," ya ce.

Halilu, da ke biyowa in an tashi lakwal, ya nuna masa hoton bayan kwali. "Haka take, Baba. Elle marchait debout. Da ƙafa biyu take tahiya, kamar ni da kai."

"Diraktar, shekara arba'in ina taɓa ƙashi. Mai haƙarƙari haka da wutsiya haka, da huɗu yake tahiya. Wagga karaya ce tun ta ƙuruciya, ta warke a gajarce. Maɗorin Turawa bai iya ja ba."

"Masana ne suka tono ta."

"Sun tono ta. Sun taɓa tada ta?"

Ran da aka yanka zabuwar ƙarshe ta gidan, ya ɗebe ƙasusuwan ƙafarta, ya kankare, ya shanya. Ya yi wa dabbar ƙari a gaba, hagu da dama, ya ɗaure. Ta tsaya da huɗu, kai a sunkuye, kamar saniya a bakin rijiya.

A lokacin gari ya fara watsewa. Gida bayan gida ana jingina ƙaya a ƙofa. Danda, wan Zara'u, mai tebur a kasuwar Maraɗi, ya aiko cewa akwai ɗaki, kuma ya yi magana da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da zai biyo ran kasuwa. Kamiyon ya zo ya wuce. Ya sake zuwa ya wuce.

"Malam, anza muke ci," in ji Zara'u. Ƴar itacen daji ce ta lokacin yunwa, kwana huɗu take jiƙa ta kafin ɗacin ya fita.

"Ban gama ba."

"Ga ta tsaye. Mi ya rage?"

"Ba a kwance ɗori sai kwanansa sun cika."

Ƙa'idar gidansu ke nan tun kakanni: kwana ɗaya kan kowace shekarar mai karaya. Ɗan shekara goma, kwana goma. Zara'u ta san wannan. Ta juya ga Halilu, wanda ke tsugune a bakin zaure.

"Diraktar, shekarunta nawa?"

Halilu ya sosa ƙeya. "Wajen miliyan saba'in, Inna."

Ta yi dariya, irin wadda aka yi watanni ba a ji ba a gidan. Sai ta daina.

"Ba dabbar kake jira ba, Malam. Ni ma haihuwarshi na yi. Amma in wancan ya zo ya iske kabari biyu, wa zai gaida?"

Ya juya ga dabbar. Ya ce saura fenti.

Ya zaga bayan gari ya duba. Ƙashin da rana ta ci fari ne fat, wanda ya kwana a ƙasa kuwa launin shayi gare shi. Tunda tono ta aka yi, ya jiƙa bagaruwa, ya dama da jar ƙasa da ɗan ƙaro. Da gashin zabuwar ya riƙa shafawa, haƙarƙari ɗaya a yini, wani lokaci rabi. Ramukan ido ya sa musu baƙin tukunya. Haƙora ya bar su fari. Duk jan da ya yi wa aikin, ranar ta zo da babu sauran inda gashin zai taɓa.

A ranar ya ga Zara'u ta miƙe daga bakin murhu, ta dafa bango, ta daɗe a dafe kafin ta ɗaga ƙafa. Hannu da yawa sun bi ta hannunsa, ya san yadda tsintsiyar hannu take in nama ya ƙare.

Da safe ya zauna ya kwance zaren gaɓa bayan gaɓa. Ƙaro ya kama. Ya bar ƙafar gaba ta hagu da tsinkenta da ƙullinta. Ya ɗora dabbar a faifai, ya kai lakwal, ya sa Halilu ya ɗora ta a kan almuwar, kabad ɗin littattafai, inda hannu ba ya kaiwa.

"Wanga ɗaurin kada kowa ya taɓa. Ɗaurin gidanmu, wanda ya yi shi ke kwancewa, ko ɗanshi. Ya san ƙullin. In ya zo, ka ce Maraɗi, gidan Danda."

"To, Baba. In ya ce ƙafafun ba haka suke ba fa?"

"Shi zo shi faɗa mini da bakinshi."

Ran kasuwa kamiyon ya tsaya. Aka ja Zara'u sama, ta zauna kan ƙullin kayansu ta juya wa gari baya. Mai Nasara ya ƙi zama. Ya tsaya riƙe da ƙarfe ta gefen hagu, don mai zuwa daga Yamai ta wannan hanyar zai biyo. Duk motar da suka gamu da ita, sai ya leƙa cikinta har ta wuce.